Hutun Kwana Huɗu A Ƙetare Da Motar Kai: Lissafin Ɗan Kasuwar Gombe

GOMBE — Sanin kowa ne cewa ɗan kasuwar Arewa bai cika ware wasu kwanaki ya kira su hutu ba. In ka ga ya rufe shago, to ko dai rasuwa aka yi, ko ɗaurin aure, ko kuwa ya tafi sarin kaya Kano ko Anacha. Amma duk da haka, akwai lokutan da ciniki kan ja baya a Babbar Kasuwar Gombe da Tsohuwar Kasuwa, musamman makonnin da ke biyo bayan Sallah, lokacin da aljihun masu saye ya riga ya yi fayau. A irin wannan lokaci ne mai 'yar mota yakan yi tunanin ɗaukar iyali ko abokai su leƙa maƙwabta, su ga yadda duniya take a bayan iyaka, su dawo kafin mako ya zagayo.

Abin tambaya shi ne, nawa irin wannan tafiya za ta ci, kuma ina kuɗin ke tafiya? Amsar da lissafi ya bayar ita ce, nisan hanya ba shi ne babban abin da ke cin kuɗi ba. Iyakar ce ke ci: takardun da ake nema a bakinta, da canjin kuɗin da ke jiran mutum a bayanta. Galibin wannan kuɗi kuwa a nan Gombe ake kashe shi, ko a tsimin shi, tun ba a tayar da inji ba.

Ƙasashe biyu ne ke kusa da mai tuƙi daga Gombe. Ta gabas akwai Kamaru, inda Garwa, babban birnin lardin Arewa, ke zaune a bakin kogin Binuwai kamar yadda Yola take. Daga Gombe zuwa Yola kimanin kilomita 250 ne, ta Kumo da Billiri da Kaltungo da Numan, kuma tsakanin Yola da Garwa, in da a miƙe ake tafiya, bai fi kilomita 100 da kaɗan ba, sai dai hanyoyin da ke ratsa iyakar ta wajen Belel ko Gurin sun fi haka tsawo, kuma da damina sukan gwada haƙurin ƙaramar mota. Ta arewa kuwa akwai Jumhuriyar Nijar, inda Damagaram ta fi dacewa da mai kwanaki kaɗan: kimanin kilomita 400 daga Gombe zuwa Kano ta Dukku da Darazo, sannan kimanin 240 daga Kano ta Kazaure da Daura, a ƙetare a Kongolom, a bi ta Matamai a shiga birnin.

Wanda ya dubi taswira kaɗai zai ce Garwa ta fi arha, tunda ta fi kusa. Lissafin bai tsaya nan ba.

Zamanin da ya wuce

Kafin a shiga alƙaluma, ya kyautu a tuna cewa tsohon lissafin da iyayenmu suka saba da shi ya rushe. Shekaru da dama ɗan Nijeriya yana shiga maƙwabta da ƙarfi biyu: man fetur mai rahusa a tankinsa, da Naira mai ɗan kwarjini a aljihunsa. A watan Janairun 1994 ma, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan Nijar da na Kamaru sun ƙara sauƙi ga mai riƙe da kuɗin waje. Waɗannan ƙarfafa biyu sun tafi a cikin makonni kaɗan na shekarar 2023. Ran 29 ga watan Mayu Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce Naira 1,000 a Abuja da galibin garuruwan Arewa. A watan Yunin 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da ake saya kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta zarce 1,500 a watan Fabrairun 2024.

Sefa ita kuma a ɗaure take da kuɗin Turai. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa mai sauƙi ce: duk lokacin da Naira ta faɗi a gaban yuro, ta faɗi ke nan a gaban sefa, ko da ba abin da ya sauya a Damagaram ko Garwa. Wannan ne kuma ya ba matafiyi hanyar gane ko ɗan canji yana neman yi masa yankan aljihu. A raba farashin yuro na ranar da 656. Alal misali, in yuro Naira 1,640 ne, kowace sefa ta tashi Naira 2.5, wato sefa 1,000 Naira 2,500 ke nan. Abin da ɗan canji ya ɗora a kan haka shi ne ladarsa, kuma a nan ne ciniki yake.

Takardu

A rubuce, doka tana tare da matafiyi. Ƙungiyar Haɓaka Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko ran 28 ga watan Mayun 1975, ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a Dakar a 1979. Yarjejeniyar ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Haka zalika ta ba motar gida damar zama kwana 90, muddin mai ita ya nuna lasin tuƙi mai aiki, da takardar mallakar mota, da inshorar da ƙasashen suka yarda da ita, da takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci. Motar haya kuwa kwana 15 aka ba ta.

Sai dai Nijar ta fita daga ƙungiyar. Ita da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa ran 29 ga watan Janairun 2025. ECOWAS ta ce ƙasashenta za su ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har sai an sake shawara, amma a watan Fabrairun 2025 jaridun Nijeriya sun ruwaito cewa jami'an Nijar a wasu mashigai sun fara mayar da matafiyan da ke riƙe da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS, suna neman cikakken fasfo. Kamaru kuwa daman ba ta taɓa zama cikin ƙungiyar ba. Tana cikin rukunin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma abin da ya ba ɗan Nijeriya damar shigarta ba biza yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu. Saboda haka ko gabas aka nufa ko arewa, mai son kwanciyar rai da fasfo zai tafi.

To a nan ne lissafi yake tsinkewa ga mai iyali. Daga ran 1 ga watan Satumban 2025 Hukumar Shige da Fice ta mayar da kuɗin fasfo mai shafi 32, mai aiki shekara biyar, Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000, ninki biyu ke nan na farashin da aka sa shekara ɗaya kafin nan. A ɗauki misalin mai shagon atamfa da matarsa da 'ya'ya uku, babu mai fasfo a cikinsu. Naira 500,000 ta tafi tun ba a sayi lita ɗaya ta mai ba. Gaskiya ne cewa fasfo jari ne na shekara biyar, kuma wanda ke da niyyar Umara ko sarin kaya a ƙetare zai ci moriyarsa daga baya. Amma in don hutun kwana huɗu kaɗai za a yi shi, ba a kira wannan tafiya mai arha ba. Mai irin wannan hali ya fi masa ya kai yaran Yankari su yi wanka a ruwan Wikki, ko su leƙa madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ya ajiye batun ƙetare sai wata shekara.

Wanda tafiyar ta fi yi wa sauƙi shi ne Alhajin da fasfonsa na aikin Hajji ko Umara bai ƙare ba, kuma irinsu suna da yawa a layukan kasuwar nan. In mutum huɗu irin wannan suka haɗu a mota ɗaya, babban kashin kuɗin ya riga ya fita daga lissafi, sauran kuma a raba shi gida huɗu.

Bayan fasfo sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda Nijar da Kamaru duka suke nema. Abu biyu ya kamata a sani game da shi. Na ɗaya, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba a barinsa sai jajiberin tafiya. Na biyu, tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara goma kamar da ba. Wanda ya je iyaka ba shi da katin, abin da zai kashe a wurin don a bar shi ya wuce yakan fi kuɗin allurar, kuma bai sami rigakafin ba.

Batun inshora ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin nan ne da yawa suke biyan kuɗi sau biyu, ko kuma su biya kuɗin da bai saya musu komai ba. A 1982 ƙasashen ECOWAS suka kafa tsarin kati mai ruwan ƙasa, wanda ke sa inshorar da mutum ya yanka a gida ta biya diyyar ɓarnar da motarsa ta yi wa wani a wata ƙasar ƙungiyar. Lokacin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ta ce sabon kuɗin ya haɗa da wannan kati. Wato wanda ya yanki inshora ta gaskiya a kamfani mai rajista ya riga ya biya, abin da ya rage masa ya nemi a ba shi katin a hannu. Wanda kuwa ya sayi takardar da ake bugawa a bakin ofishin lasin don a nuna wa ɗan sanda kawai, ya sani cewa takarda ce ya saya, ba kariya ba. Tunda Nijar ta bar ƙungiyar, mai zuwa Damagaram ya nemi kamfaninsa ya tabbatar masa a rubuce cewa katin ya rufe ƙasar, ya kuma ware wani abu don yankan inshora ta 'yan kwanaki a bakin iyaka in jami'ai suka buƙaci haka. Mai zuwa Garwa kuwa ba shi da zaɓi: katin ECOWAS ba ya aiki a Kamaru, nasu daban ne, mai ruwan hoda, kuma dole ya yanki inshorar can.

Saura takardun motar kanta. Jami'an duwan na ƙasar da aka shiga sukan ba da takardar izinin shigar da mota na ɗan lokaci, wadda direbobi ke kira lesefase, kuma ana mayar da ita a ranar fita. A tabbatar an karɓi rasit, an kuma duba adadin kwanakin da aka rubuta. Amma takardar da aka fi mantawa ita ce shaidar biyan kuɗin fiton motar tun lokacin da aka shigo da ita Nijeriya. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ran 1 ga watan Janairun 2017, idon jami'an kwastan ya ƙara buɗewa kan duk motar da ta fito daga wajen iyaka. Mutum na iya fita da motarsa lafiya, a dawowa ne za a nemi ya nuna cewa ba yanzu ya sayo ta ba. In sunan da ke takardun ba nasa ba ne, kamar yadda yakan faru da motocin da suka bi hannu biyu ko uku, ya gyara wannan a Gombe, ko ya riƙe takardar cinikin da ta haɗa shi da mai sunan.

Mai

Lissafin mai ba shi da wuya. Zuwa Damagaram da dawowa kimanin kilomita 1,300 ne, a ƙara 100 na yawon cikin gari. Motar da ke cin kilomita 10 a lita za ta sha lita 140. In aka ƙaddara lita Naira 1,000 don sauƙin lissafi, Naira 140,000 ke nan, ko 35,000 kan kowane mutum in su huɗu ne. Mai karatu ya sa farashin ranar da zai tashi a madadin wannan. Abin lura shi ne, daga Kongolom zuwa Damagaram kilomita ɗari ne da 'yan kai, saboda haka tankin da aka cika a Kano aka ƙara masa a Daura zai kai mutum ya dawo da shi ba tare da ya sayi mai da sefa ba. Wannan yana da amfani ko da farashin can bai yi tsanani ba. Nijar tana da matatar SORAZ a arewa da Damagaram tun 2011, kuma a watan Yulin 2024 gwamnatinta ta rage litar fetur zuwa sefa 499, amma hakan bai hana ƙasar faɗawa cikin ƙarancin mai a watan Maris na 2025 ba, inda aka yi ta kwana a layi.

A Kamaru lamarin ya fi tsanani. A watan Fabrairun 2024 aka ɗaga litar fetur daga sefa 730 zuwa 840. Da canjin da muka yi misali da shi a sama, lita ta haura Naira 2,000. Shi ya sa man da ake fasa-ƙwaurinsa daga Nijeriya, wanda mutanen can ke kira zuwa-zuwa, ya daɗe yana cika bakin titunan Garwa a cikin kwalabe. Ba a ba mai motar kirki shawarar sa shi, don ba a san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma gyaran famfon mai a baƙon gari zai cinye ribar da aka yi zaton an samu.

Akwai dabarar da kan zo wa kowa a rai, wato a cika jarka biyu a jefa a but. Kada a yi. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2024 kuma ta ƙaddamar da wani samame na musamman kan masu fitar da fetur, inda aka kama jarkoki dubbai a Adamawa da sauran jihohin iyaka. Jami'in da ya buɗe but ya ga jarka ba zai tsaya jin cewa hutu za ka ba.

Sefa iri biyu, da ƙidaya iri biyu

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ɗaukar cewa sefa ɗaya ce. Darajarsu ɗaya ce a gaban yuro, amma takardun daban suke. Ta Nijar babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma ne ke buga ta, mai hedkwata a Dakar, ta Kamaru kuwa na Afirka ta Tsakiya ne, mai hedkwata a Yawunde. Mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Nijar ba, in ma ɗan canji ya karɓa sai ya rage. Duk wanda zai yi canji a Wapa ta Kano ko a Jimeta ya faɗi ƙasar da za shi, ya kuma nemi ƙananan takardu, domin canjin jaka goma yakan gagari mai shayi.

Sai kuma ƙidaya. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, kuma dalarsa sefa 5 ce. In mai ƙosai ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ce. Jaka ɗaya kuwa sefa 1,000 ce, ba Naira 200 da tsofaffin 'yan kasuwarmu ke kira jaka ba. Ɗan kasuwar da ya yi shekara ashirin yana ciniki a Tudun Hatsi ba a taɓa cutarsa ba na iya tsayawa a Kasuwar Dole ta Damagaram ya rasa ko tayi ya yi ko ƙari, alhali da Hausa ake yi masa magana.

Wace ce ta fi?

A ganin wannan marubuci, ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son hutu na gaske, Damagaram ta fi, duk da nisanta. Hanyar kwalta ce tun daga Gombe, harshen gari Hausa ne, kuma mafi yawan tafiyar a cikin Nijeriya ake yin ta, inda ake biya da Naira. Abin gani kuma ba ya buƙatar tikiti mai tsada: fadar Sarkin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, tsohuwar unguwar Birni da gidajenta masu zane a jikin bango a tsakanin manyan duwatsu, unguwar Zango inda ayarin Azbin ke sauka a da, da aikin dukawa wanda garin ya yi suna a kansa. Nan ne hedkwatar mulkin Faransa a Nijar take kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Babbar ranar kasuwa Alhamis ce, kuma kasuwar Mirya, mai tazarar kilomita 18 ta gabas, Lahadi take ci. Wanda ya tashi daga Gombe ran Talata ya kwana Kano ko Daura, ya shiga Laraba, ya ci kasuwar Alhamis, ya yi Juma'a a can, ya kamo hanya Asabar da asuba. Garin yana da daɗaɗɗiyar matsalar ruwan sha, don haka kafin a biya kuɗin masauki a buɗe famfo a gani.

Garwa tana da nata abin jan hankali, musamman ga mutumin Gombe, wanda auduga ce ta gina garinsa a shekarun 1950. Can ne hedkwatar SODECOTON, kamfanin da ke riƙe da harkar audugar arewacin Kamaru tun daga ba manomi iri da taki har zuwa gurza, kuma mai sana'ar amfanin gona zai sami abin nazari a yadda tsarin nasu ya ɗore bayan namu ya watse da rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Madatsar Lagdo, wadda sakin ruwanta kan tayar da hankalin mazauna bakin Binuwai a Nijeriya, tana kudu da birnin. Mai jin Fulatanci ba zai yi baƙunta ba ko kaɗan. 'Yan Arewa da yawa sun san hanyar tun watan Janairun 2022, lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta buga wasanninta na gasar cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, ta ci Masar da Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da ita. Amma tsadar mai, da inshora ta daban, da halin hanyar iyaka, sun sa ta fi dacewa da mota mai tsayi da lokacin rani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinta, domin zafin Maris da Afrilu a Garwa yakan haura digiri 40.

Game da tsaro, magana a taƙaice take. Arewa mai nisa ta Kamaru, wajen Mora da Waza, da jihar Diffa ta Nijar, wadda aka sa wa dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, ba wuraren hutu ba ne. Hanyar Katsina zuwa Jibiya da Maraɗi ta sha fama da 'yan bindiga, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka zaɓi ta Daura a wannan lissafi. Ba a tafiyar dare, kuma ba a ɗaukar hoton shinge ko barikin soja. Iyaka ma kanta ba abar dogara ba ce: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin ran 26 ga watan Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Direbobin tasha da ke bin hanyar kullum su ne suka fi kowa sanin halin da ake ciki, kuma tambayarsu kwana ɗaya kafin tashi ba ta cin ko kwabo.

Kuɗin da ba a gani

Akwai kashi biyu da ba sa shiga takardar lissafin yawancin mutane, alhali ɗan kasuwa ya fi kowa cancantar ya gan su. Na farko shi ne cinikin da za a rasa. In shago yana kawo ribar Naira 20,000 a rana, kwana biyar a rufe Naira 100,000 ce, fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin man tafiyar gaba ɗaya. In an bar wa yaron shago, asarar ta ragu amma ba ta ɓace ba, tunda akwai abokan cinikin da ba sa saye sai sun ga maigida, akwai kuma bashin da yaro zai bayar wanda maigida ba zai bayar ba. Wannan ne ya sa zaɓen mako ya fi zaɓen otal muhimmanci. Tafiyar da aka yi ana saura mako biyu Sallah, ko a tsakiyar kakar hatsi, ta fi kowace tsada ko da a gidan ɗan'uwa aka kwana.

Na biyu shi ne lalacewar mota. Kilomita 1,400 suna cin taya da birki da baƙin mai ko an lissafa ko ba a lissafa ba. Kafin tashi a kai wa bakanike ya duba lagireto da bel da birki, a tabbatar safaya tana da iska, jak yana aiki, a kuma riƙe tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da akwatin magani, domin jandarmomi sukan tambaye su, kuma rashinsu ƙofa ce ta tara. Sa'ar da aka yi ita ce duk ƙasashen uku hannun dama suke tuƙi, tun da Nijeriya ta koma dama a watan Afrilun 1972, kuma agogonsu ɗaya ne.

Shingayen hanya ma suna da nasu kaso. Akwai kuɗin hanya na hukuma a Nijar da Kamaru, wanda ake ba da tikitinsa, a adana tikitin har a fita. Akwai kuma abin da direbobi ke kira na goro, wanda babu dokar da ta san da shi. Mai cikakkun takardu yana da bakin da zai ƙi, in yana da haƙurin jiran minti goma. Wanda takardarsa ɗaya ta gaza kuwa zai yi ta biya a kowane shinge, zuwa da dawowa.

Jarabar ƙarshe ita ce wadda ke cikin jinin ɗan kasuwa: a cika but da kaya don tafiyar ta biya kanta. Tsaraba daidai gwargwado, kamar takalmin fata da kilishi da cuku da dabino, ba mai hanawa. Amma da zarar kaya sun kai na sayarwa, matafiyi ya zama mai shigo da kaya, kuma dokarsa daban ce. Shinkafar waje musamman, wadda aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa tun 2016, buhu biyu sun isa su sa a tsare mota. In an ga wata haja mai riba a can, a rubuta farashi da sunan dila da lambar wayarsa, a dawo gida a yi lissafin fito da kuɗin mota a natse.

A kan duk abin da aka lissafa a ƙara kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana, rabi a Naira rabi a sefa, a ajiye shi a wani aljihu daban. Sefar da ta rage kuma, in ba ta da yawa, gara a adana ta don wata tafiyar da a mayar wa ɗan canji, wanda zai ci lada a karo na biyu a kan kuɗin da ya riga ya ci lada a kansu ranar tafiya.